Sunan 'Yar Fari a Bakin Iyaka

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin rakiya ba, wa ya yi kuka, wa ya ba da sautu. Ku dai ɗauka ga ni zaune a wani filin jirgin sama na ƙasar Larabawa, inda aka sauke mu mu jira jirgi na biyu, ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi, sanyin wurin yana shiga mini har ƙashi. Ni ce Talatu mai waina ta Tudun Wada, Zariya. Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu da safe ya san hayaƙin tandata. Kafin wannan tafiya iyakar nisan da na taɓa yi Abuja ce, ita ma ɗin don neman biza aka kai ni.

Wurin 'yata ta fari za ni. Sai na ɗan yi bayani, don yaran yanzu ba su san abin ba, wasu ma dariya yake ba su. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Kunya ce, kuma mu ba mu ɗauke ta wahala ba, mutunci ce a wurinmu. Da aka yaye yarinyar, yayar mijina, Gwaggo Asabe, ta zo ta goya ta zuwa unguwar Hanwa. Can ta tashi, can ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, daga ɗakin Gwaggo aka ɗauke ta amarya. Ni in zan ambace ta sai in ce "ta Hanwa", kowa a gida ya san wa nake nufi. Haka ma aka rubuta mini lambarta a waya.

Aiki ya kai ta ƙasar Turawa, ita da mijinta Malam Nura. Tana can Gwaggo ta rasu, tana can ta sami ciki. A al'ada gida ake dawowa haihuwar fari, to ina halin haka? Wata Juma'a ta bugo, muka gaisa sama-sama kamar kullum, ina shirin miƙa wa ƙannenta wayar sai ta ce, "Iya, kada ki ba kowa tukuna." Sannan ta ce, "Gwaggo ba ta nan. Ke kaɗai gare ni."

Na ce, "To." Iyakar abin da na iya cewa ke nan, amma ranar na ƙona waina ta fi a ƙirga.

Biza ta yi ta jan ƙafa har haihuwa ta riga ta. Aiki aka yi mata aka ciro ɗa namiji, aka yi suna ba ni. Malam Nura ya gaya mini ba ta iya miƙewa sosai, shi kuma dole ya fita aiki ya bar ta ita kaɗai da jariri a ɗaki, ba mai dafa mata ko ruwan zafi. Abin da ya ɗaga ni daga gaban tanda ke nan, da jaka cike da yajin jego, da kanwa, da busasshen ganyen darbejiya, da zanen goyo na saƙi.

Tun daga Abuja Allah ya haɗa ni da abokiyar tafiya, Maman Cidi, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kwanuka a kasuwar Tudun Wada. Haifaffiyar Zariya ce, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu, kuma duk Lahadi in an taso coci sai ta tsaya ta sayi wainata. Wurin ɗanta za ta, ba zuwanta na fari ba ke nan. Ita ta ɗaure mini bel a jirgi, ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayi, tana yi tana tsokanata wai ga mai waina ta zama Baturiya.

A filin Larabawan nan ta ce in zauna in tsare kaya, bari ta nemo mana shayi. Tafiyarta ke da wuya sai ga wani mutum cikin kwat, da kati rataye a wuya, ya yi mini sallama da Hausa. Wallahi jin sallamar nan kaɗai sai da idona ya kawo ruwa. Ya tambayi inda za ni, na faɗa. Ya girgiza kai ya ce ai ƙasar nan yanzu ba mutum ke karɓar baƙi ba, na'ura ce, ita ke duba fuska da yatsu. Ya ce in nuna masa hannuna.

Nan ne ya taɓo inda ciwona yake. Shekara da shekaru ina kwashe waina daga tanda da yatsa, ni cokali ɓata mini lokaci yake yi. Zanen yatsuna ya gudu, sun yi sumul kamar bayan cokali. A Abuja ma sai da aka ce in koma gida in huta da aikin wuta kafin na'urarsu ta kama ɗan abin da ta kama. To da na dawo jiran biza, zama zan yi in ci me? Na koma tandata, na ƙara da suyar dubulan da dakan yaji na tsaraba.

Mutumin ya jujjuya hannuna ya ce, "Inna, waɗannan yatsun ba za su wuce ba." Ya ce amma Allah ya taimake ni, akwai wani mai da ake shafa wa tsofaffin alhazai, yana dawo da zane. Ya ciro 'yar kwalba. Ya kuma karɓi fasfona ya ɗauke shi a wayarsa, ya ɗauki fuskata, wai zai shigar da ni tun daga nan don kada in sha layi. Abin da na kwance na ba shi ba zan faɗa ba, don har yau in na tuna ji nake kamar in mari kaina.

Maman Cidi ta dawo da kofi biyu, ta buɗe kwalbar ta shinshina.

"Basilin ne, Talatu. Basilin da ɗan turare." Ta dube ni. "Ki dai ce mini ba ki ba shi fasfo ba."

"Ɗauka kawai ya yi a waya, ya mayar mini."

Ta ajiye kofunan ta ɗora hannu a ka. "Ya mayar miki da takarda, ya tafi da ke. Yanzu sunanki da fuskarki da lambarki suna aljihunsa, Allah kaɗai ya san wa zai sayar wa."

Ta zaga wurin tana nemansa, ko ƙurarsa. Da ta ga ina rawar ɗari sai ta daina faɗa, ta tuɓe rigar sanyinta ta yafa mini. Ni kuwa, don taurin kai irin nawa, da jirgi na biyu ya kusa sauka sai da na faki idonta na lakaci man nan na shafa. Na ce tunda na riga na saya.

Mun sauka da safe, amma gari kamar magariba. Aka kora mu cikin wani dogon zaure mai haske. Mutumin can maƙaryaci ne, amma a abu ɗaya bai yi ƙarya ba: ba mutane a gaba, sai akwatuna a tsaye a jere, kowanne da allo da ido. Ka ɗora fasfo, ka kalli idon, ka ɗora yatsu a kan gilashi. In fitila ta yi kore sai wata ƙofar gilashi ta buɗe da kanta.

Maman Cidi ta ce, "Ki kalle ni, ki yi yadda na yi." Ta ɗora, ta kalla, ta danna, kore, ƙofa ta buɗe ta rufe a bayanta. Ta tsaya a can tana yi mini alama da hannu.

Na yi bismilla na ɗora fasfo. Na kalli idon, sai ga fuskata a allo, wata tsohuwa a firgice, an zagaye ta da layi. Na ɗora yatsu. Ja. Na sake. Ja. Man nan ya bar maiƙo a gilashin mutane, na sa bakin mayafi ina gogewa, abin ya yi ta ƙara. Na ɗaga kai in nemi Maman Cidi, sai na ga wani mai kaki yana nuna mata hanya, ba a tsayawa a nan. Ta ɗaga murya ta cikin gilashi, "Zan nemo surukinki a waje. Kada ki ji tsoro, ki faɗi gaskiya kawai." Rabona da ita ke nan a waccan ƙasa, rigarta tana jikina.

Wata ma'aikaciya ta zo ta tafi da ni. Yarinya ce, ba za ta girmi ta Hanwa ba, kuma zan faɗi gaskiya saboda Allah, ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Ta kai ni wani ɗaki ba taga, tebur ɗaya, kujera biyu, da wani ido a bango mai 'yar jar fitila. Ta danna wata waya a kan tebur, sai murya ta fito, Hausar Damagaram.

"Salamu alaikum, Hajiya. Sunana Malam Idi, ni ne tafinta."

"Wa alaikumus salam. Ban je Makka ba tukuna, ɗan nan."

"To, Inna. Allah ya nufa. An ce in gaya miki duk abin da kika faɗa a ɗakin nan ana ɗauka, murya da hoto, kuma ana ajiyewa."

Aka wanke mini hannu da wani ruwa mai wari, aka sake gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya, abin ya ƙi. Sai aka ce in cire mayafi da ɗankwali, na'ura tana son ganin kunnuwana da goshina. Na ce wa zai gani? Malam Idi ya tambaya, ya ce ta ce ba kowa, na'ura ce kawai. Na ce ita na'urar ba ta da mai ita? Bai fassara wannan ba. Tun rasuwar maigidana ba namijin da ya ga kaina, ran nan na tuɓe shi furfura a waje a gaban idon da ban san iyakar masu leƙensa ba.

Sannan ta nemi wayata, ta ce in buɗe mata. Ta jona mata igiya, wani abu ya yi ta tafiya a allonta. Na tambaya, Malam Idi ya ce kwafe abin da ke ciki ake yi. Damuwata ba don kaina ba ce. Mai waina kunnen unguwa ce. Matan layinmu, wadda mijinta ya daina shiga ɗakinta, wadda ɗanta ya fara shaye-shaye, wadda likita ya gaya wa abin da ba ta gaya wa kowa ba, duk ni suke turo wa saƙon murya, suna cewa in na ji in bar shi a cikina. Ga shi nan yana bin igiya yana shiga akwatin Turawa. Na ce wa Malam Idi ya gaya mata amanar mutane ce a ciki. Ta ce doka ta ba su dama, kuma in na ƙi, shi ma amsa ce.

Ta gyara zama ta fara tambaya, Malam Idi yana juyawa.

"Wurin wa kika zo?"

"Wurin yarinyar gidanmu."

"Mece ce ita a wurinki?"

Na sunkuyar da kai. "A cikina ta kwanta."

"Yaya sunanta?"

Na ce ai yana rubuce a takardar gayyatar da ke gabanta, ta karanta mana. Ta ce ta iya karatu, daga bakina take son ji. Na buɗe baki, wallahi kamar an sa hannu an toshe. Shekara talatin da wani abu harshena bai taɓa hawa kan sunan nan ba. Ba mantawa na yi ba. Ni da nake jin sa ko cikin barci? Amma ya ƙi fita, kuma ga jar fitilar nan tana kallona.

Malam Idi ya rage murya. "Inna, 'yar fari ce?"

"Ita ce."

Na ji ya ja dogon numfashi. Ya juya harshe ya yi ta yi mata bayani da Turanci, ya daɗe yana yi, har ta ɗaga hannu kamar yana ganinta, ta faɗi magana gajera. Ya dawo gare ni. "Ta ce aikina fassara ne, ba bayani ba. Ki yi haƙuri, Inna. Tawa uwar ma har ta koma ga Allah ba ta kira ni Idi ba."

Ma'aikaciyar ta juya allon wayata tana nunawa da biro. Ta ce ga lambar da nake cewa ta 'yata ce, ba sunanta a kai. Ta ce na'ura ta nuna ban taɓa kiran lambar nan da kaina ba, kullum ita ke kira, kuma maganar ba ta daɗewa. Ta ce ga hotunan sauran 'ya'yana da jikoki cike da waya, na wannan ko ɗaya babu. Ina zan fara? In gaya mata in hoton ya shigo nakan shiga ɗaki in kalla har in ƙoshi, sannan in goge, don kada ƙannenta su ɗauki wayar su gani su yi ta yi mini tsiya? Ta ce kuma a bayanan da suke da su tun zuwan ta Hanwa ƙasar, Asabe ce a matsayin uwa. Wannan ba sabon labari ba ne a wurina, duk takardunta na makaranta haka suke, kuma haƙƙin Gwaggo ne. Amma jin sa daga bakin baƙuwa, a ɗakin da ba taga, ya yi mini ciwo.

Sai ta sauya tambaya: me na zo yi?

A nan ne na sami bakin magana, na ce yauwa, ga inda zan wanke kaina. Na zayyana mata komai. Na ce wankan jego zan yi mata safe da yamma, in dama mata kunun kanwa, in gasa mata nama da yaji, in yi wa jariri wanka in gasa masa cibiya. In yi shara, in yi wanki, in yi girki. In ta yi arba'in ta warware, in riƙe mata yaron ta koma bakin aikinta hankali kwance. Malam Idi ya yi gyaran murya ya ce, "Inna," sai kuma ya fasa, ya fassara. Yarinyar tana ta bugawa a na'ura, ni kuwa ina jin daɗi wai na burge ta.

Da ta gama ta faɗi magana mai tsawo. Malam Idi ya juya mini.

"Ta ce yatsunki ba su yi daidai da na Abuja ba, don haka ba su da tabbacin ke ce mai fasfon. Ta ce ba ki iya faɗin sunan wadda kika zo wurinta ba. Kuma abin da kika lissafa, a dokarsu aikin raino ne da aikatau, bizarki kuwa ta ziyara ce. Suna zaton ɗauko ki aka yi aiki, aka ce ki ce ke uwa ce."

Aikatau. Ni Talatu, a ɗakin 'yar da na haifa. Na tuna ta Hanwa tana cewa ke kaɗai gare ni. Na tuna tana can da ɗinki a ciki ba mai miƙa mata ruwa. Na ɗaga kai, ban kalli ma'aikaciyar ba, jar fitilar na kalla, tunda an ce ita ce mai hukunci. Na faɗi sunan.

Na faɗe shi cikakke, da na ubanta. Na sake faɗa. Da ya fita sai sauran suka biyo shi, na kasa tsayar da su. Na ce ranar Alhamis na haife ta, da damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce tana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu, su je su duba. Na ce ranar da Gwaggo ta goya ta, ina bayan ƙyaure ina leƙe ta kafar ƙofa har suka sha kwana, nono yana zuba ya jiƙa mini zane, kuma ban bari kowa ya ga hawayena ba. Ina faɗa ina kiran sunan, kamar mai biyan sallolin da suka wuce ta. Malam Idi yana ta fassarawa.

Yarinyar ta daina bugawa. Ta turo mini takardar share hawaye, ta tashi ta fita. Na ce a raina shi ke nan, na biya abin da suke so.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ba ta iya haɗa ido da ni ba. Malam Idi ya ce, "Ta ce ita a ranta ta yarda ke ce uwarta. Amma maganar yatsu tana cikin na'ura, maganar raino ma ta shiga da bakinki, ba mai iya cirewa. Na gaba da ita ya sa hannu. Za a mayar da ke a jirgin da zai tashi."

Ban yi kuka ba, na riga na gama shi. Na tambaya ko za a miƙa mata kayan jegon. Aka ce ganye da kanwa da yaji ba su shiga ƙasar, zubarwa za a yi. Na ciro zanen goyon na ce wannan fa? Ta karɓa, ta naɗe shi da kyau ta sa a hammata. Ta ce suna waje, 'yata da mijinta da jaririn, wata mata 'yar ƙasarmu ce ta nemo su. Ashe ta taso da ɗinkinta da ɗanyen jariri cikin wannan sanyi ta zo tarona. Bango ɗaya ne tsakaninmu.

Aka ba ni wata waya in yi magana kaɗan. Na ji muryarta, "Iya? Iya, me suka yi miki?" A bayanta jariri yana kuka, karo na farko da na ji muryarsa ba ta cikin saƙo ba. Na ce, "Ku koma gida, sanyi zai kama yaron." Aka karɓe wayar.

Kafin a kashe ta tafinta, Malam Idi ya ce, "Inna, ki yafe mini. Da ina da iko da bakina, da ban faɗa mata maganar rainon ba." Na ce ba komai, ɗan nan, aikinka ka yi. Ban san fuskarsa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Sauran zaman a wani ɗaki na yi shi da wasu mutane da ba mu jin yaren juna. Ba rana, ba inuwa, ban san alƙibla ba, na dai fuskanci bango na yi sallolina a haɗe. Komowa kuwa, duk inda na sa ƙafa fuskata ta riga ni isa. A filin Larabawa ina kallon idon akwatinsu ya yi ƙara, aka ware ni gefe, wani ya raka ni har ƙofar jirgi kamar ɓarauniya. Mutanen da ban taɓa gani ba sun san an kore ni, sun san dalili, ni kuwa ko sunan ɗayansu ban sani ba.

Na iso Tudun Wada da jaka ba nauyi. Mata suka cika gida, masu jaje da masu son jin labari. Na tara waɗanda abin ya shafa na gaya musu gaskiya, cewa muryoyinsu suna can an kwafe. Wasu suka yi dariya, wai Bature ya ji Hausa ne balle ya san mijin wance. Amma guda ɗaya, wadda maganarta ta asibiti ce, ta tashi ta fita ba sallama. Tana sayen waina har yanzu, ta daina turo mini saƙo. Maman Cidi da ta dawo na kai mata rigarta a wanke, ta ƙi karɓa, ta rungume ni a tsakiyar kasuwa tana zagin na'ura da Hausa da Ibo.

Malam Nura ya bincika, aka ce masa korar tana manne da fuskata a cikin na'urarsu, kuma maƙwabtan ƙasar ma suna gani. Ko na sake nema, abin da zai fara fitowa ke nan. Jegon dai haka ta yi shi ita kaɗai, da ruwan famfo. Ɗinkin ya yi ruwa, sai da aka sake kwantar da ita.

Wata Juma'a bayan ta fito ta bugo. Muka gaisa. Ta ce yaro yana bayanta cikin zanen saƙi, ba ya barci sai a ciki. Sannan ta ce:

"Iya, matar da ta kawo mini zanen ta ce kin faɗi sunana. Ta ce kin yi ta faɗa."

Na ce, "Tilasta ni suka yi."

"Na sani." Ta ɗan yi dariya, irin wadda kuka ke bayanta. "Ni ban taɓa ji ba. Yaya kika faɗe shi?"

Ƙannenta suna tsakar gida, ina jin motsinsu. Na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na buɗe baki, Allah shi ne shaidata na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ki riƙa shan kunun da zafinsa, kada ki bari ya huce."

Ta ce, "To, Iya."

Daga baya Malam Nura ya gaya mini ta Hanwa ta je har ofishin ma'aikatan filin jirgin ta roƙa a ba ta abin da aka ɗauka a ɗakin nan, ko muryar kaɗai. Suka ce sirrina ne, doka ta hana su ba wani, ko da 'yata ce. Sai dai ni in nema da kaina, in tabbatar musu ni ce. Da waɗanne yatsun? Sun ga furfurata, sun kwashe asirin matan layinmu, ba su tuna da sirri ba sai da mai sunan ta zo neman sunanta.

Yanzu da asuba in na hura wuta, kafin masu saye su fara zuwa, nakan gwada shi a hankali, ni da tanda. Yana fita. In ta bugo ranar Juma'a sai ya koma ya maƙale. Yaron ya fara tafiya, ban taɓa ɗaukarsa ba. Can a wata ƙasa mai sanyi akwai akwatin da ke riƙe da muryata ina kiran 'yata da sunanta, ita kuwa ba ta ji ba har yau. Ku ma da kuka biyo ni tun daga farko, in kun lura, ban rubuta shi ba.